Kafin a sauya boilar gida a Birtaniya, a fara duba mutanen da ke cikin gidan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana da 'yan'uwanmu mazauna Birtaniya, da waɗanda ke shirin tahowa, a kan wani al'amari da ba mu taso da shi a gida ba, amma yake cin kuɗinmu a nan, yake kuma taɓa lafiyar 'ya'yanmu, wato zaɓen sabuwar boila idan tsohuwar ta gaji. Mai karatu da ke Kano ko Damagaram zai iya ganin maganar ta yi masa nisa, sai dai a 'yan shekarun nan ma'aikatan jinya da likitoci da ɗalibai daga ƙasashenmu sun yawaita a biranen Ingila, da dama sun ɗauko iyalansu, wasu har Allah ya hore musu sun sayi gidaje, kuma duk wanda ya mallaki gida a ƙasar nan, ko ba daɗe ko ba jima sai wannan magana ta same shi.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, boila wani akwatin ƙarfe ne da ake kafawa a bangon kicin ko a cikin kabad. Tana ƙona iskar gas ta dumama ruwa, sannan wani ƙaramin inji ya riƙa tura ruwan ta bututai zuwa radiyetocin da ke jikin bangon kowane ɗaki, ruwan ya saki zafinsa a can, ya komo a sake dumama shi. Ita ce kuma ke ba da ruwan zafin wanka da na wanke-wanke. Mafi yawan gidajen Birtaniya da ita suka dogara, kuma a ƙasar da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma a watan Disamba, sanyi ya sauko har ruwa ya daskare a waje, boila ba kayan alatu ba ce. Hukumomin lafiya na ƙasar suna ba da shawarar kada ɗumin ɗakin da ake zaune a ciki ya gaza digiri 18, musamman inda akwai tsofaffi ko masu ciwon zuciya da na huhu, kuma gidan da aka bari cikin sanyi shi ne wanda danshi ke kama bangonsa har ya yi baƙar funfuna da ke cutar da numfashin yara.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura mutanenmu tambaya biyu kawai suke yi idan za su sayi boila: wane kamfani ne ya fi suna, kuma wa ya fi araha. Tambayar da ta kamata a fara da ita kuwa ita ce mutum nawa ne a gidan, banɗaki nawa ne, a wane lokaci suke buɗe ruwa, kuma yaya ƙarfin ruwan da ke shigowa daga babban bututun titi yake. Masu sayarwa sun saba da gidan mutum biyu ko uku, inda kowa ke watsa ruwa sau ɗaya a rana ya fita, kuma a kan wannan ma'aunin suke ba da shawara. Gidajenmu ba haka suke ba, kuma idan ba mu buɗe baki mun faɗi yadda muke rayuwa ba, za a ɗaura mana abin da bai dace da mu ba, mu zauna da shi shekara goma ko fiye.

Boila takan yi shekara 10 zuwa 15 tana aiki idan ana kula da ita, kuma galibi ba ta mutuwa sai a tsakiyar hunturu, domin a lokacin ne ake wahalar da ita dare da rana. A lokacin ne kuma injiniyoyi suka fi wuyar samu, maigida yana kallon yara suna rawar ɗari, uwargida tana dafa ruwan wanka a tukunya, don haka duk wanda ya fara ɗaga waya, da duk abin da ya ce yana da shi a mota, shi za a karɓa. Aikin da galibi ba ya kasa fam 2,000, wanda kuma zai iya ninka haka idan za a sauya tsarin gidan, bai kamata a yanke shawararsa a dare ɗaya ba. Wanda boilarsa ta haura shekara 12, tana yawan ɗaukewa, tana gurnani, ko kayan gyaranta sun fara wuyar samu, ya fara neman ƙiyasin kuɗin aiki tun watan Yuni ko Yuli, lokacin da gida zai iya kwana biyu ba a dumama shi ba kuma babu wanda zai wahala.

Duk da haka, ba kowace matsala ce ke nufin a jefar da boila ba. A ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018, da wani matsanancin sanyi ya taso daga gabas ya lulluɓe ƙasar da ƙanƙara, boiloli masu yawan gaske suka tsaya cak, kuma a gidaje da dama babu abin da ya lalace illa siririn bututun robar da ke kai ruwan da boila ke tsiyayarwa zuwa magudana a waje, wanda ya daskare ya toshe. Maganinsa ruwan ɗumi ne, ba tafasasshe ba, a riƙa zubawa a bayan bututun a hankali har ƙanƙarar ta narke, sannan a sake tayar da na'urar. Haka nan allurar ma'aunin matsin ruwa da ke gaban boila, wadda ya kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 idan na'urar ta huce, idan ta faɗi ƙasa boila takan ƙi tashi, kuma littafin na'urar ya yi bayanin yadda ake ƙara mata ruwa. Boilar da ba ta wuce shekara 7 ko 8 ba ta fi cancantar gyara, kuma wanda aka ce masa ya cire irin wannan, ya ji ta bakin wani injiniyan daban kafin ya amince.

Idan sauyawa ta tabbata, iri uku ne a gaban mutum. Akwai kombi, wadda ita ce ta fi yawa a yau, ba ta da tanki, tana dumama ruwan famfo ne nan take a daidai lokacin da aka buɗe shi. Akwai wadda ake haɗawa da tankin ajiyar ruwan zafi, mai cin lita 150 zuwa 300, wanda ruwan titi ke shiga kai tsaye da ƙarfinsa. Akwai kuma tsohon tsari da ake samu a gidajen da suka daɗe, mai tankin ruwan zafi a cikin kabad da tankunan ruwan sanyi a can saman silin, inda nauyin ruwan da ke gangarowa shi ne ƙarfin shawar. Masu ɗaurawa sun fi son kombi, domin aikinta ya fi sauri kuma tana ba da fili a gida, kuma ban musa cewa ga ɗalibi ko sababbin ma'aurata a ƙaramin gida mai banɗaki ɗaya babu kamarta ba.

Sai dai kombi tana da iyaka, kuma iyakar ba ta da alaƙa da sunan kamfanin da ya ƙera ta. Idan ana son a ɗaga zafin ruwa da digiri 35, kowace lita ɗaya a minti tana bukatar wajen kilowat 2.4. Saboda haka kombi mai kilowat 24 ba ta iya ba da fiye da wajen lita 10 a minti, mai 30 ta ba da wajen 12, mai 35 kuma wajen 14. Shawa ɗaya mai kyau tana iya shanye mafi yawan wannan ita kaɗai. Da zarar wani ya buɗe famfon zafi a kicin ko a ɗaya banɗakin, ruwan nan za a raba, na cikin shawa ya ji ruwa ya rage ƙarfi ko ya koma sanyi a jikinsa. A hunturu abin ya fi tsanani, domin ruwan da ke shigowa daga ƙarƙashin ƙasa ya fi sanyi, aikin dumama shi ya ƙaru. Wani abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne, muddin kombi tana dumama ruwan famfo, ta dakatar da tura zafi zuwa radiyetoci ke nan, don haka gidan da mutum shida za su yi wanka a jere da safe, ɗakunansa suna ta hucewa a daidai lokacin da aka fi bukatar ɗumi.

Yanzu a duba asubahin ranar aiki a gidan Bahaushe a watan Janairu. Maigida yana alwala a banɗakin ƙasa, uwargida tana shirin fita aikin safe a asibiti, yara uku za su yi wanka kafin motar makaranta, ga kwanukan daren jiya a kicin. Mu mutane ne masu taɓa ruwa sau biyar a rana ko fiye, kuma babu mai son alwala da ruwan famfon Ingila a cikin hunturu idan yana da zaɓi. Ga baƙi da ba sa yankewa, ga watan azumi da gida ke tashi gaba ɗaya lokacin sahur, ga hidimar Sallah. Idan aka yi haihuwa kuma uwa ta taho daga gida domin taya jego, sai a shiga wankan ruwan zafi safe da yamma har a yi arba'in, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa yana jiran ƙaramar kombi ta cika baho ya san yadda ruwan farko ke fara hucewa kafin na ƙarshe ya zuba. Na san wani iyali a unguwarmu, su takwas da banɗaki biyu, waɗanda wani kamfani ya lallashe su suka cire tanki mai lafiya aka sa musu kombi mai kilowat 30, da hujjar za su sami kabad na ajiye kaya. Kabad ɗin dai sun samu, amma tun daga ranar sai an ƙwala kira daga sama zuwa kicin a ce a rufe famfo kafin kowa ya shiga wanka, kuma mayar da tankin yanzu sai an sake kashe kuɗi mai yawa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne babu wanda ya tambaye su ko su nawa ne kafin a fara aikin.

Ra'ayina shi ne gidan da ya kai mutum biyar ko shida, ko yake da banɗaki biyu da ake shiga a lokaci guda, ya riƙe tankinsa, idan kuma ba shi da shi ya nemi inda zai sa. Tanki yana da nasa nauyin: yana cin wuri, ruwansa yana ƙarewa idan an yi wanka da yawa a jere har sai an jira ya sake zafi, kuma dole a riƙa kai ruwan ciki digiri 60 domin kashe ƙwayar cutar lijiyonela da ke hayayyafa a ruwan ɗumi da ya kwanta. Irin tankin da ruwan titi ke shiga kai tsaye kuma ba kowane mai aikin famfo ne doka ta yarda ya ɗaura ba, sai wanda ke da ƙarin takardar ƙwarewa a kansa. Amma yana ba famfuna biyu ko uku ruwa a lokaci ɗaya, kuma galibi akwai hita ta lantarki a cikinsa, wadda ke nufin ranar da boila ta lalace gidan ba zai rasa ruwan wanka ba.

Kafin a kira kowa, akwai awon da maigida zai iya yi da kansa. Ya ɗauki bokiti mai lita 10, ya je famfon ruwan sanyi na kicin, domin shi ne galibi ke haɗe da bututun titi kai tsaye, ya buɗe shi gaba ɗaya yana duba agogo. Idan bokitin ya cika cikin daƙiƙa 30, gidan yana samun lita 20 a minti, kuma kowane tsari zai yi aiki. Idan sai da ya ɗauki minti guda cur, lita 10 ke nan, kuma sayen kombi mai kilowat 40 a irin wannan gida asarar kuɗi ce, domin ba za ta iya dumama ruwan da bai shigo ba. A yi awon da safe lokacin da maƙwabta ma ke buɗe nasu famfunan, kada a yi shi da tsakar dare. Inda ruwan titi ba shi da ƙarfi, tsohon tsarin nan mai tanki a saman silin, idan aka ƙara masa injin tura ruwa, yakan fi na zamanin amfani, kuma ba abin kunya ba ne a sake sayen irinsa. Injiniyan da ya shigo gida bai auna ƙarfin ruwa ba, bai ƙirga radiyetoci ba, bai tambayi yawan mutane ba, sannan ya faɗi farashi, bai yi aikinsa ba.

Wani wurin da ake yawan kuskure shi ne zaton cewa babbar boila ta fi ƙarama a kowane hali. Manyan lambobin da ake rubutawa a jikin kombi saboda ruwan famfo ne. Dumama ɗakuna ba ya bukatar ko rabin haka, domin gidaje da yawa masu ɗakin kwana uku ba sa bukatar fiye da kilowat 6 zuwa 10 ko a ranar da aka fi sanyi, a sauran ranakun kuma ƙasa da haka sosai. Boilar da ta fi ƙarfin gida takan tashi da ƙarfi, ruwa ya yi zafi nan da nan, ta mutu, bayan 'yan mintoci ta sake tashi, tamkar a hura wutar girkin biki domin dafa shayin mutum ɗaya. Wannan kunnawa da kashewa yana cin gas kuma yana tsufar da kayan ciki. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce iya ƙasan da na'urar za ta iya rage wutarta ba tare da ta mutu ba. Wasu na zamani suna saukowa zuwa kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsu, kuma wannan lambar tana cikin takardar bayanin kowace boila ga mai son dubawa. Ga wanda zai sa mai tanki, ya nemi a yi masa lissafin zafin da gidansa ke zubarwa ta bango da tagogi da rufi, a sayi daidai da shi, kada a kwafi lambar tsohuwar kawai.

Tun watan Afrilu na 2005 doka a Ingila da Wales ta wajabta cewa sababbin boilolin gas su kasance irin waɗanda ke tatsar zafin da ke cikin tururin hayaƙinsu kafin ya fita, kuma a Afrilun 2018 ƙa'idar Boiler Plus ta ƙara cewa a Ingila ingancin sabuwar boila kada ya gaza kashi 92 cikin 100, a kuma haɗa ta da na'urar saita lokaci da ɗumi. Amma wannan tatsar zafin ba ta faruwa sosai sai ruwan da ke komowa daga radiyetoci ya sauko ƙasa da wajen digiri 55. Masu ɗaurawa da yawa suna barin boila a kan digiri 75 ko 80 su tafi, sai mutum ya biya kuɗin na'ura mai tattali amma ya riƙa ƙona gas kusan kamar da. Mai kombi zai iya rage zafin ruwan radiyetoci zuwa wajen digiri 60 ya gani ko gida yana ɗumi yadda ake so, kuma a gidaje da yawa yana yi, sai dai ya ɗan ƙara ɗaukar lokaci. Mai tanki kada ya rage da kansa sai da shawarar injiniya, saboda batun ƙwayar cutar da na ambata. Wanda ya zauna a ƙasar nan a 2022, lokacin da Ofgem, hukumar da ke sa ido kan kasuwar gas da lantarki, ta ɗaga iyakar kuɗin makamashi na matsakaicin gida daga fam 1,277 zuwa fam 1,971 a shekara a watan Afrilu, kafin farashin ya sake hawa da shigowar sanyi, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan amfanin wannan.

Sabuwar boila a kan tsofaffin bututai ma tana bukatar lura. Ruwan da ya shekara goma yana zagayawa cikin radiyetocin ƙarfe yakan tara baƙar laka ta tsatsa, alamarta kuwa ita ce radiyeta ta yi zafi a sama amma ƙasanta ya zauna da sanyi. Hanyoyin ruwa na cikin boilolin zamani sirara ne, lakar nan tana toshe su cikin ɗan lokaci. Dole a wanke bututan kafin a ɗaura sabuwa, a zuba maganin hana tsatsa, a kuma sa matacin maganaɗisu a bututun da ke komowa. Wurin zama ma yana da tasiri. Ruwan Landan da kudu maso gabashin Ingila yana da farar ƙasa da yawa, kowa yana ganin farin ɓawon da take bari a cikin butar shayi, kuma irinsa take tarawa a cikin kombi, don haka a can ana bukatar abin rage ta. Mu a Manchester, da ruwanmu ke zuwa daga tafkunan Thirlmere da Haweswater, da mutanen Birmingham da ke shan ruwan kwarin Elan na Wales, ba mu da wannan damuwar sosai. A kuma tambaya ko bututun gas ɗin gidan ya isa, domin tsofaffin gidaje da yawa suna da siriri mai milimita 15, babbar kombi kuwa galibi tana bukatar mai 22.

Na zo kan abin da ya fi komai nauyi a wurina, wato wanda zai yi aikin. A Birtaniya laifi ne mutum ya yi sana'ar aikin gas ba tare da rajista da Gas Safe Register ba, wato hukumar rajistar injiniyoyin gas, wadda ta gaji tsohuwar hukumar CORGI a watan Afrilu na 2009. Kowane injiniya mai rajista yana da kati mai hotonsa da lambarsa da ranar ƙarewar katin, a bayansa kuma an jera irin ayyukan da aka yarda ya yi, domin wanda ya ƙware a murhun girki ba lallai ne ya ƙware a boila ba. Ana iya tabbatar da lambar a shafinsu na intanet cikin minti guda. Mu mutane ne masu kara da kunya, kuma na san yadda yake da nauyi a ce wa wanda wani ɗan'uwa ya haɗa ku a masallaci ya nuna katinsa, balle idan ya yi ragi mai yawa. Amma araha ba ta ado, kuma a wannan wurin abin da ake sayarwa da arha shi ne numfashin iyali. Boilar da aka ɗaura ba daidai ba, ko aka bar bututun hayaƙinta yana yoyo, tana iya fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce kuma iskar da ke kashe iyalai a gida Najeriya idan an kwana da janareta a cikin ɗaki. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, waɗanda ke sauƙi idan an fita waje su komo idan an shigo. Na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iskar ba ta da tsada, kuma bai kamata a rasa ta a kowane gida ba. Ina kuma roƙon 'yan'uwa, idan boila ta mutu, kada a shigo da gawayi ko kaskon wuta ɗaki domin jin ɗumi, kada kuma a kunna murhun gas a bar shi yana ci, domin gidajen nan a rufe suke ruf, ba kamar namu masu tsakar gida ba. Wanda ya ji warin gas ya buɗe tagogi, kada ya taɓa makunnin lantarki, ya fita ya kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999.

Game da sunan kamfani ba zan tsawaita ba. Worcester Bosch da Vaillant da Ideal da Baxi da Viessmann duk sanannu ne, kayan gyaransu suna samuwa, kuma boila matsakaiciya a hannun ƙwararre ta fi mai tsada a hannun mai gaggawa. Abin dubawa shi ne garanti, wanda ke kamawa daga shekara 5 zuwa 10 ko 12, kuma mafi tsawon galibi sai idan wanda kamfanin ya amince da shi ne ya ɗaura. Garantin yana da sharaɗi: a yi masa rajista a kan lokaci, a cike takardar Benchmark, wato takardar shaidar yadda aka ɗaura boilar, da ke bayan littafin na'urar a ranar ɗaurawa, a kuma yi sabis kowace shekara a rubuta. Wanda ya tsallake sabis zai iya rasa garantin gaba ɗaya. Injiniyan kuma shi ke sanar da hukuma aikin, daga baya takardar shaidar bin ƙa'idar gini ta iso, a adana ta domin za a neme ta ranar sayar da gidan.

A nemi ƙiyasi a rubuce daga mutum uku, kowanne ya fayyace irin boilar, da wanke bututai, da mataci, da na'urar saita ɗumi, da bututun hayaƙi, da kwashe tsohuwar. Sau da yawa wanda ya fi araha ya fi ne domin ya cire biyu ko uku daga cikin waɗannan. A kuma nemi a bi da bututun tsiyayar ruwan nan ta cikin gida idan zai yiwu, idan kuwa dole ya fita waje a sa mai faɗi a naɗe shi. Kamfanoni da dama suna tayin biya kaɗan-kaɗan a wata, wasu babu ruwa a kai, wasu kuma da ruwa mai nauyi idan shekarun suka yi tsawo, don haka mai gudun riba ya karanta takardar da kyau ya duba jimillar abin da zai biya kafin ya sa hannu.

Akwai kuma na'urar lantarki mai zuƙo ɗumi daga iskar waje, wadda gwamnati ke ƙarfafa mutane su koma gare ta. Shirin gwamnati na tallafa wa masu komawa gare ta, mai suna Boiler Upgrade Scheme, da aka fara a 2022 a Ingila da Wales, ya ɗaga tallafinsa zuwa fam 7,500 a watan Oktoba na 2023, da sharaɗin mai ɗaurawa ya kasance yana da shaidar MCS, wato takardar ƙwarewa a kan ɗaura irin wannan na'ura. Na'urar tana ba da zafi wajen ninki uku na lantarkin da ta sha, amma lantarki a ƙasar nan ya fi gas tsada wajen ninki huɗu, saboda haka riba ko asara ta dogara ne ga yadda gidan ke riƙe ɗumi, da girman radiyetocinsa, da ƙwarewar wanda ya tsara aikin. Ba a yanke shawararta cikin gaggawa, amma wanda ya fara shiri tun bazara ya dace ya nemi ƙiyasinta ya kwatanta. Ita ma tana bukatar tankin ruwan zafi, wanda ƙarin dalili ne na kada a yi saurin cire wanda ake da shi.

Mafi yawan mutanenmu har yanzu a gidan haya suke, kuma su ba su ke zaɓen boila ba, amma suna da haƙƙin da ya kamata su sani. A Ingila, gyaran na'urar dumama gida da ta ruwan zafi nauyin mai gidan ne a ƙarƙashin dokar 1985 ta masu gida da 'yan haya, ba nauyin ɗan haya ba. Dole ne mai gida ya sa injiniya mai rajista ya duba kayan gas kowace shekara, ya ba ɗan haya kwafin takardar cikin kwana 28, sabon ɗan haya kuma a ba shi kafin ya tare. Tun 1 ga Oktoba na 2022 kuma, a Ingila dole ne mai gida ya sa na'urar gano kabon monoksaid a ɗakin da boila take. Idan boila ta lalace, a sanar da mai gida a rubuce, ta saƙon waya ko imel, a ajiye shaida tare da kwanan wata, idan kuma ya yi biris a kai ƙara sashen kula da lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma, wanda ke da ikon tilasta masa yin gyaran. Na ga sababbin zuwa suna haƙuri da gida mai sanyi makonni saboda tsoron kada a ce sun cika ƙorafi, ko don zaton yin magana zai taɓa takardun zamansu, alhali neman gyara haƙƙinsu ne da doka ta ba su. Ina roƙon ƙungiyoyinmu da limamanmu a Landan da Manchester da Birmingham da Leeds su riƙa tunatar da jama'a wannan a watan Satumba, kafin sanyi ya kama, su kuma tanadi sunayen injiniyoyi masu rajista da jama'a suka gwada suka gamsu da aikinsu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Manchester, Ingila